Yadda ake zaɓen babbar fistol mai jikin roba don tsaron gida a Amurka

Wannan bayani na mazaunin Amurka ne wanda doka ta yarje masa mallakar bindiga. A Nijeriya zancen bai ma taso ba, domin Dokar Makamai ta 1959 ta jera fistol cikin makaman da aka haramta, waɗanda shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Wanda kuma ya saya a Amurka ya cusa ta a kwantena ko cikin motar da zai aika gida ya karya dokar ƙasashe biyu a lokaci guda.

Takardu kafin kanti

Dokar tarayyar Amurka ta ce dila mai lasisi ba zai sayar wa wanda bai kai shekara 21 fistol ba. A kantin za a ba ka takardar ATF, hukumar da ke kula da makamai, mai lamba 4473 ka cika, sannan dilan ya tura sunanka tsarin binciken NICS na FBI. Ɗan ƙasa da mai takardar zaman dindindin suna iya saya. Mai bizar karatu, ta ziyara ko ta aiki na ɗan lokaci, asalin hukuncinsa hani ne, sai wasu 'yan togaciya kamar riƙe lasisin farauta. Wanda ke wannan rukuni ya ga lauyan shige da fice tukuna, saboda kuskure a nan yana iya cinye masa zaman ƙasar ɗungurungum. Takardar tana tambaya kan babban laifi, kan hukuncin dukan iyali, da kan shan wiwi ko da jiharka ta halatta ta. Ƙarya a kanta babban laifi ne. Haka ma ka saya da sunanka alhali wani ne ya ba ka kuɗi ka karɓo masa, ko da ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Jihohi kuma kowace da nata. A Texas da Jojiya ba a neman wani izini na daban kafin saye. New York sai da lasisin fistol, Illinois sai da katin FOID, wato katin shaidar mai bindiga, da jiran awa 72, Kalifoniya kuwa jiran kwana 10 ne, kuma samfurin da ke cikin jerin da jihar ta amince da shi kawai dila zai sayar maka. A Kalifoniya da New York da New Jersey magazin, wato ma'ajin harsashin da ake cusa wa bindiga, ba ya wuce harsashi 10, don haka duk alkaluman 17 da 19 da za ka gani a ƙasa ba su shafi mazaunan can ba. Waɗannan dokoki suna sauyawa, kotuna na taɓa su kusan kowace shekara, saboda haka ka duba na jiharka a makon da za ka saya.

Me ya sa babba, me ya sa roba

Idan aka ce babba ana nufin mai bututu inci 4 zuwa 5, da mariƙin da yatsu duka ke zama a kansa har ƙaramin, da magazin mai cin harsashi 17 ko fiye. Ƙananan da ake yi don ɓoyewa a ƙugu sun fi wuyar harbi nesa ba kusa ba: nauyinsu kaɗan ne, shurin da suke yi wa hannu ya fi zafi, kuma tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya gajera ce, ƙaramin karkata sai ya zama babban kuskure a jikin allo. Bindigar da za ta zauna a akwati kusa da gado ba ta da dalilin zama ƙarama. Mutane da yawa suna saya wa uwargida 'yar mitsitsiya wai don hannunta ƙarami ne, su wayi gari ta tsani harbi tun ranar farko.

Robar kuwa ba irin ta bokiti ba ce. Folima ce mai tauri wadda ba ta tsatsa, kuma ƙasan bindigar kaɗai ake yi da ita, wato mariƙi da gidan kunama. Bututu da gangar sama mai zamewa, wadda ake kira silaid, da hanyoyin da take gudu a kai duk ƙarfe ne. Kamfanin Heckler & Koch ne ya fara fitar da irinta a 1970, amma Glock 17 ta Gaston Glock, wadda sojojin Ostiriya suka ɗauka a farkon shekarun 1980, ita ce ta mayar da abin ruwan dare. Tana da nauyin kusan giram 700 da magazin babu harsashi, ta haura 900 idan an cika ta.

A kan girman harsashi ba sai an ja zance ba: ka ɗauki 9mm. Ya fi .40 da .45 araha, ya fi su sauƙin shuri, magazin ya fi cin sa da yawa, kuma ita kanta FBI da ta bar shi bayan musayar wutar Miami ta 1986 ta dawo gare shi bayan kusan shekara talatin, da aka inganta ƙirar harsasan. Araharsa ce ma babbar hujja, don wanda kwalinsa bai yi masa tsada ba shi ne zai riƙa zuwa atisaye.

Waɗanda suka cancanci a gwada

Glock 17 tana cin 17, bututunta inci 4.49. Ba ta da kyan gani, saitin robar da take zuwa da shi abin canzawa ne, amma babu kantin da za ka shiga ka rasa magazin ɗinta ko kayan gyaranta. M&P9 M2.0 ta Smith & Wesson ita ma 17 ce, da maɓallan bayan mariƙi guda huɗu da za ka sauya gwargwadon tafinka, kuma ana samunta da sakatar babban yatsa, wato makullin waje mai hana harbi, ko babu. Fatar mariƙinta kaushi gare ta kamar sanfefa, abin da ke taimakon hannu mai gumi. Walther PDP babba tana cin 18, kuma kunamarta na cikin mafi daɗi a wannan aji, sai dai bakinta ya ɗan fi tsalle sama. VP9 ta Heckler & Koch ita ce ta fi ba da damar daidaita mariƙi, don har gefe da gefe ake canzawa, amma asalin samfurinta ana sakin magazin ne da wani ɗan harshe a gindin gidan kunama, wanda wasu ba sa sabawa da shi. CZ P-10 F tana cin 19. Canik ta Turkiyya ta fi su sauƙin kuɗi, kuma takan zo da ƙarin kaya a kwali. SIG Sauer P320 ita ce sojojin Amurka suka ɗauka a 2017 da sunan M17. A shekarar ce kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta bayan an gano tana iya tashi idan ta faɗi ta wata kusurwa, kuma an shigar da ƙararraki da dama a kanta daga baya. Mai son tsohuwa ya tabbatar an yi mata wancan gyaran.

Dukansu ba su da guduma a waje. Allura ce a ciki da sifirin ke harbawa ta daki gindin harsashi, kuma nauyin jan kunama iri ɗaya ne daga harbin farko zuwa na ƙarshe, wajen kilo biyu da rabi ko ƙasa kaɗan. Akwai masu guduma a jikin roba, kamar CZ P-09 da Beretta PX4, inda jan farko yake da tsawo da nauyi, sauran kuma su yi sauƙi. Wannan nauyin farko kariya ce daga harbin firgita, amma yana nufin koyon ja iri biyu. Ga sabon shiga, iri ɗaya ya fi.

Gaskiyar da mai kanti ba zai faɗa maka ba ita ce, tsakanin waɗannan manyan sunaye bambancin inganci bai taka kara ya karya ba. Abin da zai raba su hannunka ne.

Awon hannu a kanti

Idan aka miƙo maka, ka fara cire magazin, ka ja silaid baya ka kafe ta, ka leƙa mazaunin harsashi da idonka, ko da ka ga mai kantin ya duba yanzun nan. Bakinta ya kalli inda ba kowa, yatsa kuma a miƙe a jikin ganga.

Ka cusa kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya har can saman bayan mariƙi, ba tare da barin rata ba. Yanzu dubi hannunka daga sama: bututun ya kamata ya yi layi ɗaya da ƙashin damtsen gabanka. A haka, ba tare da ka murɗa hannu ba, ɗora manuniya a kan kunama. Tsakiyar gaɓar farko ta yatsan ce ya kamata ta zauna a fuskar kunamar, kuma a ga ɗan haske tsakanin sauran yatsan da jikin bindiga. In kan yatsan kawai ya kai, mariƙin ya yi maka girma, za ka riƙa zagayo da hannu don ka isa, shurin kuma ya riƙa sauka a gaɓar babban yatsanka. In yatsan ya shige har gaɓa ta biyu, ya yi maka ƙanƙanta, kuma za ka riƙa jan bakin gefe duk harbi. Kafin ka yanke hukunci ka nemi a sauya maka maɓallin baya, ƙarami ko babba, don sau da yawa gyaran ke nan.

Sai hannu na biyu. Tudun tafinsa yana buƙatar fili a gefen mariƙi inda zai manne da robar kanta. Idan yatsun hannun farko sun zagaye har sun cinye filin, ba za ka iya danne shurin ba.

Ka gwada sakin magazin da babban yatsa: in sai ka ɗan juya bindigar a tafi kafin ka kai, ba laifi, amma ya fito ya faɗi da kansa. Bahago ya tambaya ko ana juya maɓallin zuwa ɗaya gefen, yawancin na yanzu ana yi. Sannan ka ja silaid sau biyar a jere. Wanda ya ji ta yi masa tauri, yawanci dabara ce ta ƙwace masa: kada ka tsunkule ta da yatsu biyu, ka kife tafin hannu na biyu a bayanta ka damƙe, ka matso da ita kusa da ƙirji, sai ka tura mariƙin gaba da hannu mai ƙarfi. Kada tafin ya rufe tagar da kwanso ke fita, kada kuma ya je gaban baki.

Da izinin mai kanti, ka saita wani ɗigo a bango ka ja kunamar a hankali babu harsashi. Idonka na kan saitin gaba. In ya tsaya cik lokacin da ta yi ƙas, kunamar ta dace da kai. In ya yi sujada ƙasa ko ya zabura gefe, ka sake sau uku, ka kwatanta da wata.

Duk baligin da zai iya buƙatarta a gidan ya yi wannan awo. Idan hannaye sun bambanta, a bi na mai ƙaramin hannu, domin babban hannu yana iya sarrafa ƙaramin mariƙi, akasin haka kuwa da wuya.

Batun sakata ta waje ra'ayi ya rabu. Masu allura suna da makullai na ciki da ke hana su tashi sai an ja kunama. Sakatar ƙari ce, tana da amfani, amma fa sai ka horar da yatsanka har ya riƙa sauke ta ba tare da tunani ba. Wanda ba zai yi wannan horo ba, gara ya ɗauki marar sakata ya dogara da akwati mai kulle.

Haya kafin saye

Ka tace zuwa uku, ka je filin koyon harbi mai ba da haya. Ka tafi da wani, saboda filaye da yawa ba sa ba mutum ɗaya tilo haya idan bai zo da tasa ba, matakin da suka ɗauka don hana masu niyyar halaka kansu. Kowace bindiga kwali ɗaya, harsashi 50, duka iri ɗaya. Allo a yadi 7, wato mita shida da ɗoriya, da'ira mai faɗin farantin cin abinci. Goma na farko a natse, kana duba yadda suka taru. Ashirin bibbiyu, kana lura da yadda saitin ke dawowa mazauninsa bayan harbin farko. Goma da hannu ɗaya, domin da dare ɗaya hannun yana iya kasancewa riƙe da waya ko yaro. Goman ƙarshe ka maimaita na farko, ka ga ko gajiya ta warwatsa su. Rubuta sunan bindigar a kan kowace takarda ka jera su a ƙasa. Sau da yawa wadda ta fi daɗi a kanti ba ita ke cin wannan jarrabawa ba.

Idan mai harbi da hannun dama ya ga harsasansa suna taruwa ƙasa ta hagu da dukan ukun, laifin ba na saiti ba ne. Yana matse sauran yatsu ne tare da manuniya, ko yana danna baki ƙasa don tarar shuri. Maganinsa malami da jan kunama babu harsashi.

Ƙarar fistol tana kaiwa wajen desibel 160, don haka a filin rufe ka haɗa toshen kunne da abin rufe kunne, da tabarau. Ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, saboda dalma.

Kasafin kuɗi

Bindigar kanta yawanci tsakanin dala 450 ne zuwa 750. Wanda ke da 700 kacal ya saye ta 700 ya yi kuskure, don rabin kayan bai saya ba. Akwai akwatin ajiya, tocila, ƙarin magazin har su kai uku ko huɗu, harsashin atisaye akalla 500, na tsaro kwali biyu ko uku, da kuɗin aji na yini guda wurin ƙwararren malami. Gara mai dala 450, ragowar kuɗin ya shiga waɗannan.

Tocila dole ce, domin ba a harbin abin da ba a gane ba, kuma wanda ke motsi a falo ƙarfe biyun dare ya fi yiwuwa ɗanka ne ya fito shan ruwa. Ka tabbatar akwai layin maƙala tocila a ƙarƙashin bututu. Streamlight TLR-1 HL da SureFire X300 Ultra duka suna ba da hasken lumen 1,000. Sai dai duk abin da ka haska da tocilar da ke jikin bindiga ka nuna shi da baki ne, shi ya sa ake ajiye tocilar hannu daban don dubawa, ko a haska ƙasa hasken ya bazu a ɗakin. Saiti mai jan ɗigon haske da ke aiki da batir, irin Trijicon RMR ko Holosun 507C, yana taimakon wanda ido ya fara gajiya, amma ba na ranar farko ba ne. Ka dai sayi samfurin da aka riga aka yanke wa silaid mazauninsa. Ranar da za ka ɗora, ka duba ko ƙafarsa ta dace da farantin da zai zauna a kai, ka ɗaure sukurorin da ma'aunin ƙarfi yadda littafin ya ce, da ɗigon gam na sukuru. Wanda aka ɗaure da ka, harsashi ɗari biyu ya isa ya kwance shi.

Harsashi iri biyu ne. Mai dunƙulallen kai na atisaye ne. Na tsaro shi ne mai rami a kai, wanda ke buɗewa ya rage gudu, kamar Federal HST ko Speer Gold Dot, mai nauyin giren 124 ko 147. Ma'aunin FBI shi ne ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin jelin gwaji. Kada ramin ya yaudare ka: bangon ɗakunan Amurka allon jifsam ne, kuma duk harsashin da ya kuskure zai huda bango da yawa a jere. Ka tsaya a ƙofar ɗakin kwananka da rana, ka dubi kowace fuska, ka san ɗakin wa ke bayan kowane bango, har na maƙwabci in gidan haya ne mai hawa.

Gwajin sabuwa, da abin da ke tsayar da ita

Sabuwa daga kwali a kwance ta, a goge man ajiya, a ɗiga mai kaɗan a hanyoyin silaid da jikin bututu. Ramin allura ba a sa masa mai ko kaɗan, domin yana tara datti, allurar ta yi sanyin duka, ka ja ka ji ƙas babu harbi. Wajen kwance Glock sai an ja kunama, kuma a nan ne mutane ke huda tebur ko cinyarsu: sun ja silaid kafin su cire magazin, wani harsashin ya hau. Magazin ake fara cirewa, sannan silaid, sannan ido. Harsasai kuma a wani ɗakin.

Ka harba 300 zuwa 500 na atisaye, sannan 50 na irin wanda za ka ajiye a ciki, ta kowane magazin. Ka rubuta wa magazin ɗin lamba a gindi, 1, 2, 3, don idan tsayawa ta yawaita ka san wane ne mai laifi. Galibi shi ne, ba bindigar ba. Kwanso ya maƙale a taga yana tsaye, alamar wuyan hannu ya yi laushi ne, ya shanye ƙarfin da silaid ke buƙata. Silaid ta ƙi tsayawa a baya bayan harsashin ƙarshe, babban yatsanka ne ke kwance a kan makafinta. Ta ƙi ɗaukar harsashi tun farko, magazin bai shige har ya yi ƙara ba, abin da ya fi faruwa idan an cika shi maƙil.

Biyu ne masu haɗari. Idan ka ja ka ji ƙas kawai a fili, ka bar bakin yana kallon allo na daƙiƙa 30 kafin ka buɗe, ko harsashin mai jinkiri ne. Idan kuma ka ji ƙara 'yar ƙarama da shuri maras ƙarfi, ka tsaya nan take, wataƙila kan harsashin ya maƙale a bututu, wani ya biyo shi kuwa bututun fashewa zai yi. Sannan kada ka riƙa ɗana harsashi ɗaya kana fitarwa kullum. Kowane hawa yana tura kansa ciki kaɗan, matsin albarushi ya ƙaru. Wanda ya hau sau biyu ko uku a ware shi a harbe a fili.

Inda za ta kwana

Ƙarƙashin matashi, saman kabad da aljihun gado ba ma'aji ba ne. Yaro ɗan shekara uku yana iya jan kunamar nan da manyan yatsunsa biyu, kuma gidanmu gidan baƙi ne, ranar suna ko Sallah yaran mutane ko'ina suke shiga. Makullin igiyar ƙarfe da ke zuwa a kwali yana da kyau ga doguwar ajiya, amma ba ya buɗuwa da sauri. Abin da ya dace shi ne ƙaramin akwatin ƙarfe mai buɗewa cikin daƙiƙa biyu ko uku, a ɗaure shi da noti a jikin gado, bango ko ƙasa don kada a ɗauke shi ɗungum. Mai maɓallan inji irin na Simplex ba ya buƙatar batir. Mai karanta zanen yatsa yana ƙin yatsa mai jiƙa ko gumi, kuma hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa an janye dubban irinsu a 2023 da 2024 saboda suna buɗe wa yatsan da ba a yi wa rajista ba. In shi ka saya, ka sa kowa a gidan ya gwada yatsansa a gabanka kafin ka saka komai a ciki. Ka auna cikinsa da tocilar a maƙale, don akwatuna da yawa ba sa cin babbar fistol mai tocila. Wasu jihohi ma suna hukunta mai gida idan yaro ya kai ga bindigar da ba a kulle ba.

Fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara su suka harbi kansu. Idan wani a gidan, har da kai, ya shiga matsananciyar damuwa, a fitar da ita daga gidan ta hanyar da dokar jihar ta yarda, kamar ajiya wurin dila, a kuma kira 988, layin agajin masu irin wannan damuwa.

A cikin akwatin, tare da ita, a sa tocilar hannu da magazin ɗaya na ƙari, waya kuma tana caji a gefe don kiran 911. Sau ɗaya a wata ka buɗe shi a duhu da bindigar babu harsashi, ka ƙirga daƙiƙa nawa ya ɗauke ka. Batirin tocila da na akwati a sauya su sau ɗaya a shekara a rana sananniya, harsasan tsaron ma a harbe su a sa sababbi, sifirin ɗin mayar da silaid kuma a canza shi wajen harbi 5,000 ko adadin da littafin samfurinka ya faɗa.